Rakiyar Gwaggo: Daga Kano Zuwa Ƙasar Aujara

Bayan sallar isha'i mahaifiyata ta kira ni a waya, muryarta a dushe. "Gwaggo ta cika," ta ce. "Ƙafata ba za ta kai ni ba. Ke za ki je ki tsaya a madadina."

Ba ta faɗi wace Gwaggo ba, ni ma ban tambaya ba. Gwaggonni suna da yawa a danginmu, amma in aka ce Gwaggo kawai ba a ƙara komai ba, tsohuwa ɗaya ake nufi: ungozomar wani ɗan ƙauye da ke ƙasar Aujara, a Ƙaramar Hukumar Jahun ta Jihar Jigawa. Ita ta yanke mini cibiya lokacin da mahaifiyata ta je goyon ciki gidan iyayenta, ita kuma ta tsaya mata a wankan jego har aka yi arba'in. Mu Musulmi ne kaka da kakanni. Gwaggo kuwa Kirista ce, Bahaushiya, kuma ta daɗe tana riƙe da muƙamin Uwar Zumunta a majami'ar ƙauyensu. Ba zan kama sunanta a nan ba. Ko tana da rai ban taɓa jin wanda ya kama ba in ban da sa'o'inta, su ma yawancinsu sun riga ta tafiya.

Da sassafe na biya ta kasuwar goro ta Mariri na sayi abin da za a raba wa masu zaman makoki, na haɗa da sabulu da ɗan kuɗin da mahaifiyata ta aiko da shi, na hau motar Dutse. Kaka ta yi, hunturu ya fara kunno kai. Muka ƙetare gadar Wudil, ruwa ya ja baya, masu noman rani sun fara gyaran fadama. Daga Gaya zuwa gaba gonaki sun koma kara zalla, ga dammunan gero da dawa an tara, mata na roron wake, an shanya zoɓo jajur a bakin hanya.

Wani dattijo da ke zaune kusa da direba ya hangi ƙunshin da ke cinyata. "Hajiya, lafiya dai da goro haka?" Na ce ta'aziyya zan je. Ya ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Na amsa da amin, sannan na gaya masa mamaciyar Kirista ce. Ya waiwayo sosai. "To, baƙuwa ce ke nan? 'Yar kudu?" Na ce a'a, Bahaushiya ce, a nan aka haife ta, a nan aka binne kakanninta. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah! Ni ɗan jihar nan ne, Hajiya, amma ban taɓa zama da ko ɗaya daga cikinsu ba."

Ba da mugun nufi ya faɗa ba, gaskiyarsa ya faɗa, kuma irinsa suna da yawa a cikinmu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bayan na dawo ke nan, domin bai kamata mutanen da muke noma ƙasa ɗaya, muke shan rijiya ɗaya, su zama abin mamaki a wurinmu ba.

Daga ina suka fito?

Kiristocin Hausawa na ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina yawancinsu 'ya'ya da jikokin Maguzawa ne, wato manoman da suka ci gaba da bin addinin gargajiya a manyan gidajensu na gona, suna biyan haraji ga sarakuna Musulmi, suna cin kasuwa ɗaya da kowa. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun ɗaukar wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka daɗe suna taka wa 'yan mishan birki a masarautu. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa Walter Gowans da Thomas Kent suka fara a 1893, sai a shekarun 1930 ta sami ƙofar shiga sosai, ƙofar kuwa ta jinya ce: asibitocin kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. Aka buɗe makaranta a Roni, wadda yanzu take cikin Jigawa, da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa, inda aka horar da masu bishara 'yan ƙasa. A 1954 majami'un da suka tsiro daga wannan aiki suka tsaya da ƙafarsu da sunan ECWA. Waɗannan masu bishara, Hausawa da mutanen Filato da na kudancin Zariya, su ne suka ratsa ƙauyuka a kan keke da a ƙasa, suna noma don ciyar da kansu, suna koyar da karatun boko a inuwar bishiya. A ɗaya ɓangaren kuma, daga 1963 zuwa 1965 Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntar da jama'a a faɗin Arewa. Tsakanin waɗannan kira biyu gidajen Maguzawa da dama suka rabu gida biyu: wa ya yi sallah, ƙane ya shiga majami'a, amma gona da gado da biki da mutuwa suka ci gaba da haɗa su. Gidan su Gwaggo na cikin irin waɗannan gidaje.

Mun iso Dutse da hantsi. Garin ya amsa sunansa, ga duwatsu sun yi masa rumfa, ga itatuwan dabino a gindinsu, ga fadar sarki a Garu. Tun da aka ciro Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991 aka mai da Dutse babban birni, ya cika da ma'aikata, daga baya kuma da ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka buɗe a 2011. Akwai majami'u a garin, har ɗarikar Angilikan ta naɗa bishop nata a Dutse tun 1996, Katolika kuma suna ƙarƙashin bishop na Kano. Sai dai masu cika majami'un birni galibi ma'aikata ne da 'yan kasuwa da suka zo daga wasu jihohi. Wanda iyakarsa birni, dole ya ɗauka duk Kirista baƙo ne. Sai ka bar kwalta ka bi turba kafin ka ga sauran labarin.

Daga Dutse na shiga wata motar muka nufi arewa. Ƙasa ta fara sauyawa, duwatsu suka ƙare, jigawa ta karɓe, rairayi da kuka da gawo da gonakin riɗi da gyaɗa. A Aujara na sauka na nemi ɗan acaɓa. Ina faɗin sunan ƙauyen ya ce, "Gidan rasuwa za ki, Hajiya? Tun asuba nake kai mutane. Ni ma a hannunta aka haife ni." Ya ɗaure ƙunshin goron a bayan babur, muka kama turba tsakanin shingen kara, yana zamewa a rairayi yana dafawa da ƙafa.

A gidan makoki

Tun daga nesa aka san ana makoki. Maza sun cika inuwar wata babbar tsamiya a ƙofar gida, tabarmi sun kai har bakin hanya. Ba za ka iya ware Musulmi da Kirista da ido ba, domin riga ɗaya ce, hula ɗaya ce, kama ma ɗaya ce. Sai da azahar ta yi wasu suka miƙe suka ɗauki buta, 'yan gidan suka shimfiɗa musu tabarma a gefe suka nuna musu gabas, sannan na gane su wane ne su wane.

Na shiga cikin gida na durƙusa gaban babbar 'yarta, wadda ita ma ta manyanta. "Inna, sannunku da haƙuri. Allah ya ba ku dangana." Ta riƙe hannuna ta daɗe tana dubana kafin ta gane fuskar mahaifiyata a tawa. "'Yata, ke ce? Sannu da hanya. Ina Hajiyar? Ƙafar ce har yanzu? Gwaggonku ta tafi gida, ta huta." Matan majami'a da ke shigowa kuwa cewa suke, "Ubangiji ya ta'azantar da ku." Kowa da kalmarsa, ana amsa wa kowa da godiya.

An yi mata wanka tun da dare. Tsofaffin matan Zumunta ne suka yi, suka naɗe ta da farin ƙyalle, kafintan ƙauyen ya kwana yana haɗa akwatin katako marar ado. Da yake babu ɗakin ajiye gawa a kusa, ba a jan jana'iza a nan yadda ake yi a wasu majami'un birni. An dai jinkirta zuwa yamma don 'ya'ya da jikoki da ke Kano da Jos su iso. A wannan tsakanin na zauna a tsakar gida ina sauraro, kowa ta zo da nata guntun labarin.

Ƙanwarta, wadda ta musulunta tun tana amarya, ita ta ba ni farkon. Mahaifinsu mai babban gandu ne, gidansu gidan giya da tsafi ne kamar sauran gidajen Maguzawa na wancan zamani. An aurar da Gwaggo kafin a ba Najeriya mulkin kai. Wani mai bishara ya zauna a unguwarsu, mijinta ya fara zuwa wurinsa koyon karatu, ita kuma tana laɓewa a bayan danga tana ji. Matar mai bisharar ce ta jawo ta ciki, ta koya mata baƙi da wasali da tsinke a kan rairayi. Da ta karɓi baftisma ta kife tukwanen giya, alhali a lokacin giya ce babbar sana'ar matan gidansu. Ta koma daddawa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da su ta biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, mata da maza. "Mun sha faɗa da ita a kan addini muna da ƙuruciya," in ji ƙanwar. "Daga baya muka bar wa Allah. Amma duk azumi sai ta aiko mini da gero na kunu, ni kuma duk Kirsimeti sai na aika mata da kaza. Yaya ce, ba ni da wata."

Aka ɗauko mini Littafi Mai Tsarki nata, a naɗe cikin tsohon ɗankwali, gefen takardun ya yi baƙi don shafa. Tun 1932 aka buga wannan littafi cikakke da Hausar boko, bayan aikin fassara na shekaru da Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, kuma ga dubban matan karkara irin Gwaggo shi ne littafin farko da suka taɓa karantawa da kansu. Tare da shi akwai wasu littattafan rubutu na 'yan makaranta, an ɗinke su da zare. A ciki ta rubuta lissafin rumbun Zumunta da manyan baƙaƙe: wance ta kawo kwano kaza na gero, wance ta ranta, wance ta biya, wance an yafe mata.

Wannan rumbu shi ne abin da matan suka fi ambata. Zumuntar Mata ƙungiya ce da ake samu a kusan kowace majami'a mai sujada da Hausa, a ECWA da COCIN da EYN da Katolika, kuma duk wanda ya san majami'un Arewa ya san ita ce ƙashin bayansu. A wannan ƙauye aikinta ya wuce waƙa da anko. Da kaka kowace mace takan kawo kwano ɗaya ko biyu na hatsi a zuba a rumbu guda. Idan damina ta yi tsakiya, rumbunan gida sun ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sai a buɗe. Gwaggo ce ke riƙe da shi, kuma dokarta ita ce a fara da gwauraye da marayu da masu jego, ba a tambayar inda mutum yake sujada. Sun ce tunanin ya samo asali ne daga farin 1973, lokacin da ta ga abin da yunwa ta yi wa unguwarsu. A shekarar 2022 da ambaliya ta cinye gonaki a sassa da yawa na Jigawa, rumbun nan ya ciyar da gidajen da ba su taɓa taka ƙofar majami'a ba.

Ungozomar da ta san iyakarta

Matar limamin unguwar da ke maƙwabtaka da su, wata dattijuwa mai fara'a, ta matso kusa da ni ta ce, "'Yar nan, in rubutawa za ki yi, ki rubuta cewa ba ta taɓa riƙe mace a ɗaki don a ce ta iya ba."

Duk wadda ta san haihuwa a karkara ta san nauyin wannan magana. Doguwar naƙuda ita ce ke kashe mata da jarirai, ita ce kuma ke jawo yoyon fitsari: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu ya huje. Yarinya ta rasa ɗa, ta rasa lafiya, sau da yawa ta rasa aure. Wasu ungozomomin kan ƙara wa ciwon gishiri da yankan gishiri, suna ganin taimako suke yi. Gwaggo ba ta yarda da aska a wannan wuri ba. In rana ta fito ta faɗi mace tana kan gwiwa, ko ta ga jini ya wuce misali, ko ƙafafu sun kumbura mace na ganin jiri, sai ta fita da kanta ta tsaya a gaban maigida. "Malam, a nemo mota. Wannan ta fi ƙarfin hannuna." In ya ce babu kuɗi, ta kwance bakin zanenta. In babu mota, a ɗaura amalanke a kai bakin titi. Tun da ƙungiyar likitoci ta Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, ta fara aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a Babban Asibitin Jahun a 2008, hanyar Jahun ta zama hanyar Gwaggo. Ta raka mata da yawa, ta kwana a barandar asibiti tana jira, ta dawo da su.

Matar liman ta ce idan Gwaggo ta shiga ɗakin Musulma, takan ce da uwar mai naƙuda, "Ki yi mata addu'arku, ni ma ina tawa a zuci." Da jariri ya faɗo ta yanke cibiya ta wanke shi, sai ta miƙa wa uban ya yi masa huɗuba, ita kuma ta koma wajen tukunyar ruwan zafi. Ba ta ɓoye bangaskiyarta ba, kowa ya san ranar Lahadi da safe ba a samunta sai in rai ne a kan gargara. Amma ba ta taɓa mai da wahalar mace ta zama tarkon jan ta zuwa addini ba. Na ji wannan shaida daga bakin Musulmi, ba daga 'yan majami'a ba.

Ba zan ce zaman nasu babu ƙaya ba. Ɗanta na biyu, malamin makaranta mai ritaya, ya zaunar da ni ya zayyana mini abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya: wahalar samun filin gina majami'a ko faɗaɗa maƙabarta, rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da yadda wani lokaci yaro mai suna Bulus ko Ladi Yohanna zai je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa a tsaya ana yi masa tambayoyin da ba a yi wa ɗan baffansa. Ya tuna mini da watan Satumba na 2006, lokacin da tarzoma ta tashi a Dutse aka ƙona majami'u. "Mun kwana ba mu runtsa ba," ya ce. "Wasu suka ce mu kwashe yara mu tafi. Gwaggo ta ce, mu tafi ina? Washegari ta ɗauki ƙwaryar daddawarta ta shiga gida-gida kamar kullum. Da yamma mai unguwa ya zo da kansa ya zauna a ƙofar gidan nan." Waɗannan koke-koke na gaskiya ne, kuma ya kamata masu mulki da mu da muke da rinjaye mu saurare su da kunnen adalci.

Sujada da rakiya

Da la'asar ta gabato aka buga ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a reshen darbejiya. Majami'ar ginin ƙasa ce mai rufin kwano, bencinanta na katako, ba ta ɗauki ko rabin jama'ar ba. Matan Zumunta suka fito cikin ankonsu, zane da ɗankwali iri ɗaya, suka yi layi biyu daga ƙofar gida zuwa ƙofar majami'a. Aka shimfiɗa ankon Gwaggo a kan akwatin. Jikokinta maza suka ɗauka, matan suka biyo da waƙa, ana buga tulu da tafin hannu, ana kaɗa ganga da caki. Ɗaya ta bayar, sauran su amsa. Duk wanda ya tashi a ƙauyen Hausa zai gane wannan karin murya, domin da shi iyayenmu mata suke daɓe da niƙa. Akwai hawaye, amma ba a yi kururuwa ba.

Mu Musulmi muka zauna a waje, maza a inuwarsu, mata a gindin taga. Babu wanda ya matsa mana mu shiga, babu kuma wanda ya tashi ya tafi. Muna jin komai, domin da Hausa aka yi sujadar daga farko har ƙarshe. Aka yi waƙa daga Littafin Waƙoƙi, wani jikanta ya karanta tarihinta, muryarsa na rawa. Fasto, saurayi ne da bai kai sa'an jikokinta manya ba, ya ɗauko wa'azinsa daga sura ta 9 ta Ayyukan Manzanni, labarin Tabita ta garin Yafa, wadda da ta rasu gwauraye suka taru suna nuna tufafin da ta ɗinka musu. Ya ce shi ba zai daɗe yana magana ba, domin shaidun suna zaune ciki da waje. Ya faɗi yadda ranar da aka turo shi ƙauyen, bai san kowa ba, Gwaggo ta kama hannunsa ta zagaya da shi gida-gida, ta fara da gidan mai unguwa da na liman. "Ta ce da ni, ɗana, zumunta a ƙafa take. Fasto da ba ya gaisuwa, wa'azinsa a bango yake tsayawa." Sannan ya juyo wajen taga ya gode wa 'yan'uwa Musulmi da suka zo, ya ambaci samarin da suka kama haƙan kabari tun da safe, waɗanda rabinsu 'ya'yan ƙannenta ne Musulmi.

Maƙabartar tana bayan gonarsu. A nan al'adunmu suka rabu: su mata suna raka gawa har bakin kabari, mu kuwa ba mu saba ba. Na tsaya tare da matar liman da sauran mata a bakin gona muna hange. Aka saukar da akwatin da igiya, fasto ya yi addu'a, 'ya'yanta suka zuba ƙasa ɗaya bayan ɗaya, sannan matan Zumunta. Da aka gama, jama'a suka dawo tare, aka raba goro, ƙwarya da kwanuka suka fara shigowa daga gidajen maƙwabta: tuwon dawa da miyar kuka, dambu, kunun tsamiya. Gidan mutuwa ba ya hura wuta a ranar farko, wannan kam al'adarmu ce gaba ɗaya.

Wa zai ɗauki kayan?

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne da daddare. Matan Zumunta suka taru a tsakar gida da fitila, suka buɗe littattafan lissafin Gwaggo don su raba ayyukanta. Suka fara ƙirgawa: riƙon rumbu da asusu, sharar majami'a ranar Asabar, koyar da yara a makarantar Lahadi, ziyarar marasa lafiya, sulhunta ma'aurata, wankan gawar mata, yi wa amare faɗa, rakiyar masu naƙuda. Duk wanda aka ambata sai a yi shiru, kowa na duban 'yar'uwarta. A ƙarshe aka rarraba, wannan ta ɗauki ɗaya, waccan ta ɗauki biyu, kuma duk da haka wasu suka rage babu mai ɗauka. Sai a lokacin su kansu suka ga girman abin da mace ɗaya ta yi ta ɗauka shekara da shekaru, babu albashi, babu muƙami a majalisar dattawan ikilisiya.

Matsalar ba ta lalaci ba ce. Samari da 'yan mata masu karatu suna barin ƙauye zuwa Kano da Jos da Abuja, majami'un karkara suna komawa hannun tsofaffi. Haka abin yake a unguwannin Musulmi ma, inda tsohuwar da ke wankan gawa da karɓar haihuwa da sasanta kishiyoyi take tsufa babu mai koyo a hannunta. Abin da ya sanyaya mini zuciya shi ne wata jikar Gwaggo da ke karatu a kwalejin kiwon lafiya ta Jahun. Ta ce in ta gama, gida za ta dawo. Matan suka sa mata albarka, matar liman ma ta ce, "Allah ya cika miki buri, 'yata, mu ma muna jiranki."

Tarihin Kiristanci a Arewa ya adana sunayen Bingham da Miller da na bishop-bishop, kamar yadda tarihin Musulunci ya adana na sarakuna da manyan malamai. Matan da suka share ɗakin sujada, suka ciyar da mai wa'azi, suka hana gidaje watsewa lokacin da addini ya raba su biyu, ba su shiga littafi ba, kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ina kira ga ɗaliban tarihi da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Bayero, da shugabannin majami'u, da mu 'yan jarida, mu shiga ƙauyukan Jahun da Birnin Kudu da Gwaram da Roni da na'urar ɗaukar magana tun waɗannan tsofaffi suna iya ba da labari da bakinsu. Littattafan lissafi irin na Gwaggo ma a adana su kada gara ta cinye, domin a cikinsu akwai tarihin yunwa da wadata na gari guda.

Ga 'yan'uwana Musulmi kuma, maganata gajeriya ce. Addininmu ya ɗora mana haƙƙin maƙwabci, bai ce sai wanda muke sahu ɗaya da shi ba. Kiristocin Hausawa ba su zo daga ko'ina ba, kuma ba su da inda za su koma. Duk lokacin da aka zo maganar filin maƙabartarsu, ko takardar ɗan ƙasa ta 'ya'yansu, ko tsaron majami'arsu a ranar tashin hankali, mu tuna cewa a cikinmu akwai limamai da 'yan kasuwa da ma'aikata da hannun irin su Gwaggo ne ya fara taɓa su a duniya. Ni ina cikinsu, kuma wannan bashi ne da ta'aziyyar yini ɗaya ba ta biya.